Ɓawon Ƙwallon da Dolores Ta Ƙona

A bencin wata kotu a jihar Delaware ta Amurka, wani dattijo ya ga rabin ƙwallon wasan golf a hannun wata mata.

"Baiwar Allah, wa ya fasa miki ƙwallo?"

"Lauyoyi, Baba. Kamfani biyu ke shari'a kan ɓawon nan, kowa ya ce shi ya ƙirƙiro haɗin robar."

"To wa ya ƙirƙiro?"

"Ni. Mantawa na yi da tukunyar haɗi a wuta, sai ga robar nan ta fito."

"Ashe naki ne!"

"Ina! Babu sunana Dolores a takardar kowa. So suke in rantse wa nake wa aiki ranar, don a makon ne kamfani ɗaya ya sayar wa ɗayan masana'antar da nake aiki."

"To wa kike wa aikin?"

"Oho! Dukansu dai sun ba ni takardar gargaɗi, wai na ɓata kaya."