Farcen da Ya Ƙi Warkewa

Ruwan sama ya kora ni rumfar mai takalma, na tarar wani dattijo yana gwada sandal.

"A hankali, yaro! Farce ne ya shige mini nama," in ji dattijon, da mai takalman ya taɓa masa yatsa.

Mai takalman ya duba ya ce, "Baba, ai ya warke sumul. An yanke shi a miƙe, babu kumburi. Ɗauki sau-ciki abinka."

"Rufa mini asiri! Kullum da yamma mai ɗakina take gasa mini shi da ruwan ɗumi, muna hira muna dariya. In ya warke, talabijin za ta koma."

"Ita da take riƙe yatsan kullum, ka ce ba ta gani?"

Dattijo ya yi murmushi.

"Ja'iri! Ashe mu biyu ke jinyar. Ƙunsa mini sandal ɗin."