Hadarin da ya yaye mana jinka

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Haruna, manomi daga yankin Tsanyawa.

Shekara biyu muna fama da fari. Bana na kwashe ragowar geronmu na yi binne, wato na shuka shi tun kafin ruwa ya sauka. Matata Rabi ta ce, "Malam, abincin yaran ka zuba a busasshiyar ƙasa?" Mako biyu ko fara'a ba ta yi mini.

Ran Talata da la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta yaye jinkar ɗakinmu, ruwa ya kece. Maƙwabta suka zo jaje. Rabi, jiƙe sharkaf, ta ce, "Wane jaje? Barka za ku yi mana!"

Alhamdu lillahi, gero ya tsiro. A gaishe mini da waɗanda suka ɗora mana sabuwar jinka. Allah Ya maimaita mana irin wannan hadarin, ko da zai sake ɗauke ta.