Rahoton Gyaran Allon Orville

Shugabar ƙungiyar masu amfani da kwamfuta ta garin Duluth, Uwargida Marlys Haugen. Mai kula da ɗakin karatu, wanda ya ara mana wannan zaure da kujerunsa masu karya ƙugu. Manyan masananmu na layin gaba, waɗanda tarihi bai taɓa kama su da kuskure ba. Da ku na baya da kofi da donat suka kawo ku: barkanku da yamma.

Ina godiya da aka ba ni dama, ni Lorna, sakatariyarku, in gabatar da babbar nasararmu ta bana, wato gyaran allon kwamfutar Mista Orville Lindqvist.

Ga sababbin zuwa: Orville shekararsa tamanin da ɗaya. Kunne ya daɗe da yin ritaya, waya ba ta yi masa amfani, ido ma ya fara tattara kayansa. 'Yarsa Greta tana Alaska da tsohon ciki, kuma hanya ɗaya tak ta rage tsakaninsu: ta rubuto saƙo, ya karanta a kwamfuta, hancinsa a manne da gilashi.

Na farko, matsalar. Orville ya sabunta kenel, wato zuciyar manhajar da ke tuƙa na'ura. Da ta sake tashi, direban katin hoto, wato manhajar da ke aika hoto zuwa allo, ya ƙi jituwa da sabon kenel, ma'aunin allo ya faɗo daga 1920 da 1080 zuwa 800 da 600. Kowane harafi ya zama kamar babban yatsa. Dattijon ya rungumo na'urarsa, ya keto dusar ƙanƙara har nan yana washe baki: "Jama'a, ku zo ku ga abin da ya faru!"

Muka zo, muka gani, muka dafe kai.

Na biyu, ceto. Duane Kowalczyk, ɗaya daga masananmu na layin gaba, ya ce, "Wayyo Orville, wa ya yi maka wannan aika-aika?" Orville ya ce, "Ai ni yanzu ina ganin..." Duane ya ce, "Ba ka ganin komai, shi ya sa muke nan. Matsa."

Muka koma tsohon kenel, Duane ya ce wannan ragwanci ne. Muka sake gina direba sau uku. Muka canza igiya, muka zargi allon da yin ƙarya game da girmansa, muka ɓata minti arba'in muna gardamar manhajar da ta cancanci buɗe takardar saiti, har yau mutum biyu a cikinmu ba sa ga-maciji. Cikin wannan jihadi, sau uku Orville ya ce, "Don Allah ku bar ta haka." Sau uku! Yana cikin rahoto. Ni na rubuta da hannuna, kuma ban ɗaga kai ba. Wallahi ina jin kunya.

Na uku, nasara. Allo ya dawo daidai, haruffa suka koma kamar tururuwa. Muka yi tafi, muka ɗauki hoto. Orville ya yi godiya, don mutum ne mai tarbiyya.

Kwana goma sha biyu ba mu ji ɗuriyarsa ba, sai na leƙa gidansa. Na tarar da shi riƙe da gilashin ƙara girma, ido na ta ruwa. Ya ce, "Lorna, ba na so in ɓata muku aiki, kun sha wahala. Amma a cikinku akwai wanda ya iya sake lalata na'urar nan?"

Dannawa uku, jama'a, na mai da allon 800 da 600, haruffa suka koma kamar babban yatsa. Ko minti ɗaya ban yi ba.

Saƙo biyar ke jiran sa. Na farko ya ce Greta ta sauka lafiya, namiji, an sa masa suna Orville. Na ƙarshe layi ɗaya ne: "Baba, ko fushi kake yi da ni?" Ya karanta shi da ƙarfi, sau biyu, sannan ya fara neman haruffa da yatsa ɗaya.

Saboda haka ina gabatar da ƙuduri: kafin mu taɓa na'urar kowa, mu tambaye shi abin da yake so, mu kuma rufe baki har ya gama amsa. Duane, sauke hannunka. Na san ba shi ne ma'aunin allon na asali ba.

Allah ya raya ƙaramin Orville, ya bar wa babban sauran ganinsa. Allah ya kare tsofaffinmu daga taimakonmu, ya mai da kowa gida lafiya, hanya akwai santsi.

Na gode.