Ganye Ya Bushe, Kada a Kira Birkila

Mai girma shugaban taro, malamar gona da ta kawo mana iri, dattawan unguwa, iyayenmu mata, maƙwabta da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka miƙa wa tela lasifika ya yi maganar noma. Ba don na fi kowa sani aka tsayar da ni ba, sai don na fi kowa tafka kuskure.

Bayan ɗakin girkinmu akwai fili mai taku shida. Uwargida ta daɗe tana son a shafe shi da siminti saboda wanki, ni kuwa nan kaɗai nake miƙe baya in na tashi daga keken ɗinki. Muka yi sharaɗi: a ba ni wata huɗu, in dankalin turawa bai cika bahon wanki ba, fili ya zama nata.

Ga abin da na koya. Na farko, iri: a yanka shi, kowane yanki da idon tsiro biyu, a bari ya sha iska kwana biyu. Na biyu, yana tashi ana tara masa ƙasa, domin dankalin da rana ta gani yakan yi kore, koren kuwa ba a cinsa. Na uku, ruwa: a jiƙa, kada a nutsar.

Na huɗun ne ya kusa raba ni da filin. Ni tumatir na sani, mai nuna 'ya'yansa kowa ya gani. Da wata uku suka shige, ganye ya yi rawaya ya kwanta, na ce shi ke nan, ya mutu. Raina ya ɓaci, girman kai ya hana ni tambaya, da kaina na kira birkila ya zo ya shafe filin da siminti.

Ya kafa diga sau ɗaya, ya tsaya. Ya ce, "Maigida, a kan abincin zan zuba simintin, ko za ku kwashe tukuna?"

Baho biyu muka cika. Uwargida ta tsuguna tana tono da hannu, ta ce, "Ka ga nan kusa da famfo? Baɗi a ƙara layi ɗaya."

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. In ganye ya bushe, dankali ne ya ƙosa: a jira mako biyu, a ɗauko fartanya. Buhun simintin yana nan, mai bukata ya same ni bayan taro.

Allah ya sa albarka a wannan iri, ya ba mu haƙurin jiran abin da ƙasa ta ɓoye, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.