Ɗigon da Gwani Ya Sa a Hoton Yaya

GWANI: Salamu alaikum, mijin Yaya! Ina wuni?

MIJIN YAYA: A'a, Gwani! Lafiya lau. Ya gyaran waya?

GWANI: Alhamdu lillahi. Ya yara? Ya ƙafar Hajiya?

MIJIN YAYA: Da sauƙi. Ka ɓuya.

GWANI: Bar wannan. Wallahi tallahi ba za ka yarda da abin da na yi ba. Yaya tana kusa?

MIJIN YAYA: Faɗi dai, tuƙi nake.

GWANI: Ka san hoton nan da ta shekara biyu tana jira daga na'urar hangen taurari? Faifan ƙurar da ke kewaye da jaririn tauraro?

MIJIN YAYA: Mai zobe-zobe? Ni har yau ban gane me take nema a ciki ba.

GWANI: Kai ma ka zo in koya maka! Ƙurar ce ke dunƙulewa ta zama duniya. Duniyar na zagayawa tana share hanyarta, sai ka ga giɓi baƙi. To, masu digiri uku sun ga giɓin, duniyar ce suka kasa gani.

MIJIN YAYA: Ikon Allah! Sai aka yi yaya? Alo? Kana yankewa.

GWANI: Na ce shekaranjiya ta kawo min kwamfutarta in canza batir. Na buɗe hoton, na ɗiga mata ɗigo ɗaya ja a giɓin. Ni da na gudu daga aji huɗu, minti biyar na samo musu duniya!

MIJIN YAYA: Gwani... kwana biyu ko abinci ba ta ci. Ƙarfe huɗu za ta nuna ɗigon nan gaban farfesoshin da ke duba ƙarin girmanta. Can zan kai ta yanzu.

GWANI: Za ka kai... wa?

YAYA: Ni. Wayar a kan sifika take, duk na ji ka, ɗan nema.

GWANI: Innalillahi! Yaya, ina wuni? Ya aiki?

YAYA: Rufe min baki. Giɓi uku ne a hoton. Me ya sa ka zaɓi na biyu?

GWANI: Gefensa ne na ga ya ɗan karkace, kamar an ture ƙurar. Yaya, wasa ne wallahi...

YAYA: Ya karkace? Ta wane ɓangare?

GWANI: Hagu, ƙasa-ƙasa.

YAYA: Hmm. Irin alamar da duniya ke bari ke nan. Maigida, tsaya da motar nan, in ciro asalin hoton. Kai kuma rufe shago, ka same ni ofis. Kai za ka gaya wa ɗalibaina da bakinka cewa kai ka ɗiga ɗigon. Sannan akwai hotuna ɗari huɗu, duk Asabar kana gefena kana nemo min irin wannan karkacewar.

GWANI: Ɗari huɗu! Alo? Yaya, katina ya kusa ƙare...

YAYA: Kashe. Ni zan kira.