Hannun Gilashin Motar Kumandan

Alhakin wanda aka rufe cikin mota a wuyan wa yake, mai ba da umarni ko wanda ya cire hannun ƙofa? Allah masani.

A tashar Magarya, Mainassara makanike yana durƙushe cikin motar kumandan mai mulkin yankin, sai wani tsoho daga Guci ya tsaya a kansa.

"Sannu da aiki, samari. Me kake kwancewa?"

"Hannuwan ciki, Baba. Fursuna za a kai Damagaram, kada ya buɗe ya tsere."

"Ai ɗana ne, Sallau. Ciwon ƙirji gare shi. Don Allah bar masa na gilashi ya sha iska."

"Ba zan iya ba, bulalar gardi, dogarin kumandan, ba ta san uzuri ba. Ni ƙusa kawai nake turewa da basilla. Bara ma haka na yi da za a tafi da wani mai tari, ba wanda ya ce mini uffan."

"To, shi mai tarin, ya isa lafiya?"

Mainassara ya dubi basillar.

"A hanya suka binne shi."

Tsohon bai sake roƙo ba. Mainassara ya ɗauko hannun gilashin daga ƙasa, ya goge shi da rigarsa, ya mayar, ya buga ƙusar.