Kumburin Ƙafar Yaya Sani

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Sunana Hadiza, daga Dukawuya.

Yayana Sani baduku ne a Kasuwar Kurmi. Bara aka yi masa aikin gwaiwa a wani asibitin kuɗi, aka ce an yi nasara. Bayan kwana uku yana kwance, sai ƙafarsa ta hagu ta kumbura. Ni ke jinyarsa, na je na gaya wa nas. Ta ce, "Hajiya, kwanciya ce, sa masa filo." Rana ta biyar ya tashi zai yi alwalar azahar, ya dafe ƙirji ya ce, "Hadiza, numfashina." Kafin likita ya iso, rai ya yi halinsa.

Daga baya wani likita maƙwabcinmu ya ce jini ne ya daskare a ƙafar, gudan ya tafi huhu. Da an duba ranar da na yi magana, akwai allurar da ke tsinka jini.

Na shigar da ƙara. Asibitin suka ce fayil ya ɓace, mu kuma ranar muka binne shi, ba a binciki gawa ba. Sau huɗu ana ɗage zama. Innarmu tana kuka, wai in janye ƙarar, kwanansa ne ya ƙare.

Na yarda da ƙaddara, Malam. Amma da idona na ga kumburin nan, kuma magana ɗaya aka faɗa mini na koma na zauna. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in janye ko in ci gaba? Ni dai na rasa tudun dafawa.